Kiran Sunan Alhaji Gatsal a Bakin Kanal

Ko zan tsufa har in manta hanyar gidana, ba zan manta da ranar da na buɗe baki na kira maigidanmu da sunansa gatsal ba, ina tsaye a bayan wani siririn jirgin ruwa a Ingila, ruwa yana janyewa daga ƙarƙashina. Da yawanku sababbi ne a wannan yadi, kun tsinci labarin a bakin mutanen gari, kuma na san irin gishirin da suke zuba masa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ku gyara zama.

Ga wanda bai san aikinmu ba: muna sayen motocin da suka yi haɗari a wurin gwanjo, mu tara su a yadinmu na bayan Wendover Avenue a nan Greensboro, mu loda su a kwantena, a kai tasha, daga can sai Kwatano ko Legas. A saman kowa akwai mai kamfani, Alhaji Mai Motoci. Da wannan sunan kowa ya san shi, har matarsa. Ƙasa da shi akwai manajan ofis, sai shugaban lodi, sai masu lodi. Ni a lokacin direbansa ne, kullum da safe in ɗauko shi daga gidansa na Summerfield, da yamma in mayar da shi.

Aikin direban Alhaji ba tuƙi ba ne, iya magana ne. Ba a ce masa yi, ba a ce masa bari. Direban da na gada an sallame shi ne don ya ce, "Alhaji, sa bel." Na gabansa kuma don ya ce wayarsa ta fi Alhaji sanin hanya. Ni da na zo sai na koyi zagaye. Idan ina son ya sa bel sai in ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce 'yan sanda sun matsa wa mutane a hanyar nan kwanan nan." Sai ya yi tsaki ya zagi gwamnati, ya jawo bel ɗin, a matsayin shi ya ga dama. Da wannan dabarar na daɗe a kujerar. Kuma dole ne in daɗe, domin matata Hadiza ba ta jima da isowa da yara ba, ga ta da tsohon ciki, kuma inshorar lafiyarmu duka a jikin aikin nan take. A ƙasar nan kun san abin da ake nufi da haihuwa babu inshora.

A bazarar da tafiye-tafiye suka dawo bayan korona, hawan jinin Alhaji ya tashi har aka kwantar da shi. 'Yarsa ta fari, Dakta Rabi, likita ce haifaffiyar nan, kuma ita kaɗai ce a duniya take gaya masa magana kai tsaye ta kwana lafiya. Ta kira ni falonsu, ta zaunar da mu, ni da shi.

"Daddy, hutu za ka yi, na gaske. Na kama maka jirgin ruwa a Ingila na mako guda. Ba ofis, ba kwantena, ba gwanjo."

"Mutum nawa ne ma'aikatan jirgin?"

"Kawu Ɗanlami zai tuƙa."

Na ce, "Dakta, ni fa ko kwalekwalen Wudil ban taɓa riƙe wa sanda ba."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Direba ai direba ne." Ta karɓe wayoyinsa biyu na kasuwanci, ta bar masa ɗaya don gaisuwa, maganar ta ƙare a nan.

Da muka isa wurin masu ba da hayar jiragen, Alhaji na cikin farar shadda da hula zanna, ya tsaya yana neman jirginsa a nesa, alhali yana tsaye a kansa. Abin dogo ne, ya fi tirela tsawo, amma faɗinsa idan ka tsaya a tsakiya ka ware hannu sai ka kusa taɓa bango biyu. A ciki an jera komai a layi: wurin zama, kicin, banɗaki, gado. Ruwan da zai bi kuwa kanal ne, irin na Kadawa da aka ƙara wa faɗi, wanda Turawan da suka haƙa da hannu don jigilar gawayi.

"Ɗanlami, wannan shi ne zai kai mu wurin jirgin?"

"Ranka ya daɗe, ina jin shi ne da kansa."

Wata mata mai gajeren wando da takalmin roba ta yi mana bita. Matuƙi a can baya yake tsayawa, a fili, ko ana ruwa ko ana rana, yana riƙe da doguwar sandar ƙarfe. Idan kana son zuwa dama sai ka tura sandar hagu. Burki babu, sai dai ka sa ribas ka yi addu'a. Gudu kuwa an hana ka wuce saurin mai tafiya a ƙasa. Ta maimaita mana abu ɗaya har ya gundure ni, wato wani farin layi da zan yi muku bayaninsa nan gaba. Alhaji bai ji ko ɗaya ba, yana can gaba ya sa an ɗora masa kujera, domin a saninsa babba a gaba yake zama.

Rayuwar cikin jirgin nan ba ta san babba ba. Gadon Alhaji idan ya juya sai gwiwarsa ta gaisa da bango. Ruwan wanka a tanki yake, idan ya ƙare sai ka nemi famfo a bakin kanal ka ja tiyo. Banɗakin kuma akwati ne da ake zarowa a je a juye, kuma ba sai na gaya muku wanda yake juyewa ba. Alƙibla ba ta zama wuri ɗaya, domin kanal ɗin lanƙwasa yake yi, sai mun ɗaure jirgi mun fita kan ciyawa muke salla. Abin da ya fi ci wa Alhaji rai shi ne saurin. Ranar farko wani tsoho da karensa suka wuce mu a ƙafa, tsohon ya tsaya ya sha shayi a benci, ya sake wuce mu.

"Taka shi mana, Ɗanlami! Kare na wuce ni!"

"Ranka ya daɗe, na ji an ce masu gudu a nan ƙananan mutane ne, 'yan haya. Masu jirgin kansu a hankali suke tafiya."

Ya gyara zama ya ce in ƙara ragewa.

Sai maganar lok. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka inda ƙasa ta yi tudu ko gangare sai aka gina masa matakala. Kowane lok ɗaki ne na bulo marar rufi, daidai tsawon jirgi ɗaya, da ƙofar katako a gaba da baya. Idan za ka sauka, ka shiga yana cike, a rufe ƙofar baya, sannan wani ya je ƙofar gaba ya ɗaga marfin da ke ƙarƙashin ruwa, yana murɗawa da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da sifanar taya. Ruwa ya fice, jirgi ya sauka da shi, a buɗe ƙofa ka wuce. A ƙarƙashin ƙofar baya akwai dakalin dutse ɓoye a cikin ruwa, an ja farin layi a bango don nuna inda ya tsaya. Idan bayan jirginka ya wuce layin nan ruwa na sauka, zai hau dakalin ya maƙale, gaba ya yi ƙasa, ruwa ya shiga. Matar ta ce kafin ka gama tunani jirgi ya nutse, kuma magani ɗaya ne: a sauke marfin nan take.

Aikin mutum biyu ne, ɗaya a jirgi ɗaya a tudu. Ni kaɗai nake yinsa. In ɗaure jirgi, in yi tsalle, in murɗa, in tura ƙofa da baya, in dawo da gudu, Alhaji na zaune a gaba yana jan carbi yana ɗaga wa Turawa hannu. Jirage suka yi layi a bayanmu. Turawan Ingila ba sa faɗa, sai dai su yi ta kallon agogo suna yabon yanayin gari. Ana haka wata tsohuwa mai ɗingishi ta sauko daga jirginta, ta zo ta ɗauki ƙarfen, ta danƙa wa Alhaji a hannu, ta ce masa da Turanci ai ga ƙato ƙaƙƙarfa, ya zo ta nuna masa. Gabana ya faɗi. Amma ita ba ma'aikaciyarsa ba ce, ba shi da hanyar korarta, sai ya bi ta.

Da ya murɗa ya ga ruwa ya tumbatsa ya fita da ƙara saboda hannunsa, sai fuskarsa ta sauya. Ya dawo yana haki ya ce, "Ɗanlami, ashe mai ƙarfen nan shi ne mai mulki. Ni nake buɗe ruwa, ni nake rufewa. Kai zauna a jirgi." Daga ranar ya naɗa kansa Sarkin Ruwa. Ƙarfen nan ko salla zai yi a gefen darduma yake ajiye shi. Gaskiya kuma ya iya, ya sami barci, ya sami cin abinci, har na fara cewa Dakta Rabi ta san aikinta.

Ranar Juma'a da yamma muka iso wani lok mai zurfi, babu kowa a wurin sai mu da tumaki. Rana a can ba ta faɗuwa da wuri a bazara, ga shi an gabace Greensboro da sa'o'i, don haka daidai lokacin an sauko daga masallaci a nan. 'Yan majalisar Alhaji, su Alhaji Mamman mai gidan mai, sun taru a gidan abincin da suke zama duk Juma'a. Alhaji ya kira su ta bidiyo don su ga mulkinsa. Ya tsaya a ƙofar gaba, ya juya wa jirgin baya, ya ɗaga waya sama.

"Ɗanlami, ja shi baya, bai fito duka a hoto ba."

"Ranka ya daɗe, na ji matar nan tana cewa farin layin can..."

"Layin ya girme ni ne? Ja baya!"

Na ce to. Na ja kaɗan, da niyyar da zarar ya kawar da kai in dawo gaba. Ban ankara ba ashe ya riga ya jingina wayar ya murɗe marfi biyun ƙofar duka, ɗaya a kowane gefe, har ƙarshe, don mutanensa su ji ƙarar ruwa, ya sake ɗaukar wayarsa. Na sa giyar gaba, jirgi ya ƙi motsi. Na ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙafata, ƙarfe a kan dutse. Sai na ga hancin jirgin yana sunkuyawa, ni kuma ina nan a sama inda nake. A ciki farantai suka fara zubowa, tukunyar shinkafar da na ɗora ta bi su.

"Alhaji! Ranka ya daɗe!"

Ya ɗaga mini hannu ɗaya bai waiwayo ba, wato babba na magana.

"Allah ya ja da rai, in ba za a damu ba, da an ɗan duba marfin nan!"

Ya sake ɗaga hannun. Daga baya Alhaji Mamman ya gaya mini su a waya suna ganin komai, har ya ce, "Alhaji, jirgin naka haka yake tafiya, kai a ƙasa?" Alhaji ya amsa masa da cewa fasahar Turawa ce, ba zai gane ba.

Ruwa ya fara taɓa bakin ƙofar gaba ta jirgin. Ni ban iya ruwa ba, bangon lok kuma ya yi mini tsawo, ga santsi. Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ga fuskar Hadiza, na ga ana ba ta haƙuri. Mutumin nan kuwa sau ɗari ake ce masa Alhaji a wuni, kunnensa ya daina ɗaukar kalmar. Sai na ji wata murya ta fito daga cikina wadda ban san ina da ita ba.

"Sule! Kai Sule! Ajiye wayar nan ka sauke marfin!"

Ya juyo a firgice, wayar ta faɗi a ciyawa.

"Sauke shi! Yanzu! Tsallaka ɗaya gefen! Gudu, Sule, gudu!"

Jama'a, ya sauke na farko, ya yi gudu. Dattijo mai furfura, mai gidaje a Kano da Abuja, ya tattare shadda ya bi ta kan siririn katakon ƙofa, hularsa ta faɗa ruwa bai ko kalle ta ba. Ya sauke na biyu, ƙarar ruwa ta tsaya. Na ce ya zo ƙofar baya ya buɗe marfin sama a sake cika lok ɗin. Ya fara murɗawa da ƙarfi, na ce, "A hankali na ce!" Ya rage. Ruwa ya dinga shigowa, hancin jirgi ya dinga ɗagowa, har na ji bayansa ya saki dutsen ya koma lilo a kan ruwa. Na zauna a inda nake.

Alhaji ya koma ya ɗauki wayarsa. Ba ta katse ba. Daga inda nake na jiyo muryar Alhaji Mamman yana gyaran murya, ya ce, "To, Alhaji, bari mu bar ka haka. Allah ya tsare gaba."

Kafin mu ɗaure jirgi Hadiza ta kira. "Baban Sadiƙ, me ka yi? Maƙwabciyarmu Anti Laraba ta ce wai ka zagi Alhaji a tsakiyar teku." Na ce mata babu teku, babu zagi, sunansa kawai na kira. Ta ce, "Innalillahi. Ai gara zagin." Na share shinkafa, na dafa taliya, Alhaji ya ci loma biyu ya shige.

Washegari da safe hanyarmu ta bi ta wani dogon rami da aka huda a ƙarƙashin tudu. Ƙa'idarsa ita ce ka kunna fitilar gaba, ka danna ham, ka sa rigar ruwa domin rufin yana ɗiga, sannan ka shiga ka riƙe tsakiya. A ciki duhu ne da sanyi, ƙarar inji na dawo maka, ƙarshen ramin kuma ɗan ɗigon haske ne da ba ya ƙara girma. Mun yi nisa sai na ji motsi a gefena. Alhaji ne ya ratso jirgin ya fito baya, wurin direba, karo na farko tun da muka hau. Ba na ganin fuskarsa, shi ma ba ya ganin tawa, ina jin shi ya sa ya zaɓi wurin.

"Ɗanlami, wa ya gaya maka sunana?"

"A fasfo na gani, ranka ya daɗe."

"A fasfo Sulaiman aka rubuta."

Ruwa na ɗiga a kan mu biyun.

"Rabon da a ce mini Sule tun Inna na raye," in ji shi. "Ita ma sai na yi ɓarna. Da na ji jiya, wallahi ƙafata ce ta tashi kafin in san wa ke kira." Ya ja numfashi. "Da ka nutse a jirgin nan, ban san da idon da zan kalli matarka ba. Na sani. Ba sai an gaya mini ba."

Na ji hawaye ya taho mini, na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji."

"Zuciyata ba ta yi zafi ba. Amma su Mamman sun ji. Yanzu haka har Ghana an ji. Idan na koma Greensboro kana tuƙa ni, gobe mai wanke mota ma sai ya gwada. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"Ka ajiye makullin mota idan mun sauka."

Ya koma ciki. Na ƙarasa ramin nan ina lissafin watan Hadiza, ban ma lura da lokacin da muka fito haske ba.

Da muka dawo, Alhaji ya ba da labarin a majalisa yadda ya dace da shi: jirgi ya tashi nutsewa, direba ya ruɗe har tarbiyya ta zube masa, shi kuma ya tsaya da sanyin rai ya ceci dukiyar Turawa da hannunsa. Ya ce ya kori direban daga motarsa, kuma don ya zama darasi ya tura shi yadi, cikin rana da baƙin mai. Ranar Litinin manaja ya kira ni ya ce daga yau ni ne shugaban lodi, albashi ya ɗan motsa, inshora tana nan. Na tambaye shi ko Alhaji ya bar wani saƙo. Ya ce ƙwarai, ya ce a gaya maka tunda kana da murya, ka je can ka yi ta ihu.

Mutane suka yi ta zuwa gidana jaje. Ana kawo wa Hadiza abinci, ana ce mini in yi haƙuri, tsautsayi ne, shaiɗan ne, in nemi manya su raka ni ban haƙuri. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ko da jirgin zai nutse ai akwai yadda ake gaya wa babba. Na tambaye shi yaya ake yi. Ya yi tunani ya ce, "Sai ka fara da sallama." Na yi godiya, na raka shi har mota. A watan da ya biyo Hadiza ta sauka lafiya a asibiti, Alhaji ya aiko da rago ta hannun sabon direba.

Abin da na koya ke nan game da mutanenmu: mun fi saurin yafe wa wanda ya nutsar da mu cikin ladabi a kan wanda ya tsamo mu da tsawa. Ladabi abu ne mai kyau, da shi aka raine mu, da shi nake rainon 'ya'yana. Amma yana da tsawo, aikinmu kuwa wani lokaci ba ya jira. Don haka ku ji da kyau, ku sababbi. Idan mota na rataye a sama, sarƙa ta fara kuka, kuka gan ni a ƙarƙashi, kada wanda ya ce mini Malam, kada wanda ya ce ranka ya daɗe. Sunana Ɗanlami. Ku kira shi da duk ƙarfinku, ban haƙurin ku kawo mini daga baya, ina da rai zan karɓa.